Hutun Asabar da Matsayinsa ga Kirista a Yau

Hutun Asabar shi ne ajiye aiki rana ɗaya cikin kowane kwana bakwai, kamar yadda Attaura ta wajabta wa Isra'ilawa. Yana cikin Dokoki Goma, kuma babu wadda aka yi wa dogon bayani a cikinsu kamar tasa. Yahudawa har yau suna kiyaye shi daga faɗuwar rana ranar Jumma'a zuwa shigar dare ranar Asabar. Littafin da dokar take ciki shi ne Kiristoci suke karantawa, amma mafi yawansu ranar Lahadi suke taruwa, kuma bakinsu bai taɓa zama ɗaya ba a kan ko dokar tana wuyansu, balle a kan yadda za a cika ta.

An kawo dokar sau biyu a cikin Attaura, kowane wuri da nasa dalilin. A Fitowa sura 20 an jingina ta ga halitta: Allah ya yi aikinsa cikin kwana shida, a na bakwai ya dakata, ya sa wa ranar albarka, ya keɓe ta. Malaman Yahudawa da na Kirista ba su fahimci wannan a matsayin gajiya ba, tun da Ishaya sura 40 ta bayyana cewa Mahalicci ba ya gajiya. Abin da aka fahimta shi ne aikin ya cika, babu sauran abin ƙarawa. A labarin Farawa kuwa, a rana ta shida aka halicci mutum, ke nan cikakkiyar ranarsa ta fari a duniya ranar hutu ce, tun bai ɗauki fartanya ba. Masu tafsiri da yawa suna tsayawa a nan, domin tsarin yana nuna cewa hutu kyauta ce da aka fara bayarwa kafin a nemi wani aiki a hannun ɗan Adam.

A Maimaitawar Shari'a sura 5 dalilin ya koma tarihi. An tuna wa Isra'ilawa cewa su ma bayi ne a Masar kafin Allah ya fisshe su, don haka bawansu da baiwarsu su huta kamar yadda su suke hutawa. Jerin waɗanda dokar ta ambata abin lura ne: ɗa da 'ya, bawa da baiwa, sa da jaki, har da baƙon da yake zaune a gari. Babu ɗaya daga cikinsu da yake da ikon tsara lokacinsa. Bawa ba ya bukatar a umarce shi ya huta. Wanda ake bukatar a riƙe wa hannu shi ne ubangidansa. Saboda haka ko da yake dokar ta shafi kowa, nauyinta ya fi sauka a kan mai iko da lokacin wani. Wannan ɓangaren ne aka fi saurin mantawa da shi a muhawarar da ta biyo baya, wadda ta karkata ga tambayar wace rana ce, kuma wane aiki ne ya halatta a cikinta.

Akwai kuma batun dogara ga Allah. A Fitowa sura 16, lokacin da ake ciyar da jama'a da manna a jeji, wanda ya tara fiye da na yini ɗaya sai ya wayi gari ya tarar ya yi tsutsa, amma a rana ta shida ana tara ninki biyu kuma ba ya lalacewa. Sura 34 ta ƙara da cewa ko a lokacin huɗa da lokacin girbi sai an huta. Duk wanda ya san noman damina ya san tsadar wannan umarni, domin idan ruwa ya sauka ƙasa ta jiƙa, yini ɗaya yana iya raba wanda ya yi shuka da wanda ya makara. Manomin da ya ajiye garma a irin wannan rana yana shaidawa da aikinsa cewa ba ƙoƙarinsa kaɗai ke ciyar da shi ba. Littafin Firistoci sura 25 ya miƙa tsarin har ga gona: a shekara ta bakwai a bar ta ta huta.

Tun da wuri aka gane cewa ana iya kiyaye ranar da jiki, zuciya tana kasuwa. Annabi Amos, a ƙarni na 8 kafin haihuwar Almasihu, ya caccaki 'yan kasuwar da suke ƙosawa Asabar ta wuce don su koma rage mudu da ha'inci a ma'auni. Nehemiya kuwa, bayan dawowa daga bautar Babila, rufe ƙofofin Urushalima ya yi ranar Asabar saboda mutanen Taya da suke shigo da kifi da kayan sayarwa. Daga wannan zamani Asabar ta zama alamar da ake gane Bayahude da ita a cikin sauran al'ummai. A wajen shekara ta 167 kafin Almasihu, farkon tawayen Makabiyawa, wasu Yahudawa sun gwammace a kashe su da su ɗaga makami ranar Asabar, har sai da jagororin tawayen suka yanke cewa kare kai ya halatta. Daga baya Mishna, tarin koyarwar malaman Yahudawa wadda aka tattara a wajen shekara ta 200 miladiyya, ta lissafa nau'in aiki 39 da aka hana. Masu wa'azi sukan ambaci wannan jeri da sigar ba'a, abin da bai dace ba, domin malaman da suka tsara shi su ne kuma suka tabbatar da cewa ceton rai yana gaba da Asabar.

Yesu bai ƙi Asabar ba. Luka ya nuna cewa shiga majami'a a ranar al'adarsa ce. Rikicinsa da Farisiyawa a kan manufar ranar ne. Da aka zargi almajiransa don sun tsinki zangarkun hatsi suna ci a hanya, sai ya kafa hujja da Dawuda, wanda ya ci gurasar da aka keɓe wa firistoci sa'ad da yunwa ta kama shi, ya nuna cewa amfanin ɗan Adam ne dalilin kafa ranar, kuma shi kansa yana da iko a kanta. Yawancin waɗanda ya warkar a ranar ba masu ciwon gaggawa ba ne: mai shanyayyen hannu, da matar da ta shekara 18 a tanƙware, da mutumin bakin tafkin Betasda mai shekara 38 yana jinya. Kowannensu yana iya jira zuwa gobe, kuma shugaban majami'a ya faɗi haka a kan matar. Amsar Yesu ita ce, mutanen da suke kwance sa da jaki su kai su shan ruwa ranar Asabar ba su da bakin hana a kwance ɗaurarriyar mace. A nan ya koma ga dalilin Maimaitawar Shari'a kai tsaye: ranar tunawa da 'yanci ita ta fi dacewa a 'yanta wani.

Sauyi zuwa Lahadi bai zo da wani umarni rubutacce ba. Linjila huɗu sun haɗu a kan cewa a ranar farko ta mako, wato Lahadi, aka sami kabarin Yesu babu kowa. Ayyukan Manzanni sura 20 ta nuna masu bi a Taruwasa sun taru a wannan rana don gutsura gurasa, Bulus kuma ya umarci Korantiyawa su riƙa ware gudummawa a cikinta. Taron Urushalima na Ayyukan Manzanni sura 15, wanda ya zayyana abin da ake bukata daga al'ummai masu tuba, bai ambaci Asabar ba. A Romawa sura 14 Bulus ya bar batun fifita rana ga lamirin kowa, a Kolosiyawa sura 2 kuma ya sa Asabar cikin abubuwan da suke inuwar abin da ke zuwa, ya hana a hukunta kowa a kansu.

Abin da ake yawan tsallakewa shi ne, kusan shekara 300 Lahadi ranar aiki ce ga Kiristoci. A wajen shekara ta 112 Filini, gwamnan Bitiniya, ya rubuta wa Sarki Tirajan cewa Kiristoci suna taruwa a wata tsayayyar rana tun kafin gari ya waye. Dalili ɗaya a bayyane yake: bawa da lebura dole su kama aiki da hantsi. Yustin Shahidi, a tsakiyar ƙarni na 2, ya bayyana taron Lahadi da karatu da wa'azi da addu'a da Jibin Ubangiji da tara taimako don marayu da gwauraye, bai ambaci barin aiki ba. Sai a ranar 7 ga Maris, 321, Sarki Kwanstantin ya ba da dokar rufe kotuna da sana'o'in birni a ranar, ya kuma bar manoma su ci gaba da aikin gona. Majalisar Lawudikiya, a cikin ƙarni na 4, ta hana Kiristoci zaman hutu ranar Asabar, ta ce su huta Lahadi idan da hali. Hanin kansa shaida ne cewa akwai masu yi. A Habasha ma al'adar ba ta mutu ba: bayan doguwar jayayya, majalisar da Sarki Zara Yakob ya jagoranta a 1450 ta amince a girmama ranakun biyu, kuma haka Ikilisiyar Orthodox ta Habasha take koyarwa har yanzu.

Toma Akwinas, a ƙarni na 13, ya raba dokar gida biyu: keɓe lokaci don Allah wajibi ne na har abada, amma tsayar da rana ta bakwai ka'idar ibada ce da ta wuce. A kan wannan tushe Katolika suke, inda dokar ikilisiya ta wajabta halartar Mas ranar Lahadi ko yammacin Asabar, da barin ayyukan da suke hana sujada da hutawa. Fafaroma John Paul na Biyu ya sake jaddada haka a wata wasiƙa ta musamman a 1998. Martin Luther, a babban katekisim ɗinsa na 1529, ya ce ana riƙe ranar ne don barori da leburori su sami sararawa, jama'a kuma su sami damar jin Maganar Allah. John Calvin ma ya sa sauƙaƙa wa barori cikin manufofin dokar. Furitan na Ingila da Sikotilan ne suka tsaurara, har Shaidar Bangaskiya ta Westminster ta 1646 ta ɗauki Lahadi a matsayin Asabar ta Kirista, yini guda cur na sujada, ban da ayyukan larura da na jinƙai. Daga wannan tarbiyya Eric Liddell ya fito, ɗan tseren da ya ƙi shiga gudun mita 100 a gasar Olamfik ta Faris a 1924 don zagayen farko ya faɗo Lahadi, ya kuma ci zinare a mita 400. Da yawa daga cikin mishan ɗin da suka kafa ikilisiyoyi a arewacin Nijeriya sun zo da ragowar wannan tsanani. Sai kuma masu cewa ranar ba ta taɓa sauyawa ba. Mafi girmansu ita ce ikilisiyar Adventist, wadda aka kafa a Amurka a 1863, ta iso Nijeriya a 1914, ta kafa tasha a Jengre, a Filato ta yau, a farkon shekarun 1930.

Kowane matsayi yana da inda yake da ƙarfi da inda yake ɗingishi. 'Yan Adventist sun yi gaskiya cewa babu ayar da ta ɗauke dokar daga Asabar ta ɗora wa Lahadi. Amma kafin matsayinsu ya tsaya, sai an fassara maganar Bulus ga Kolosiyawa a kan ranakun idi na shekara kaɗai, fassarar da yawancin masana ba su karɓa ba. Magadan Furitan sun riƙe yini guda, amma rashin waccan ayar su ya fi yi wa illa, ga shi kuma Kiristocin farko sun yi aiki ranar Lahadi ba tare da an kira su masu zunubi ba. Masu cewa dokar ta cika cikin Almasihu sun fi kowa samun goyon bayan wasiƙun Sabon Alkawari. Ibraniyawa sura 3 da 4 sun mai da hutun ya zama abin da ake shiga ta bangaskiya, wato mutum ya daina neman kuɓuta da aikin hannunsa, tare da sauran cikakken hutu da yake jiran jama'ar Allah. Rauninsu a aikace yake. Idan hutu ya zama na ruhu zalla, maigida ya samu ta'aziyya, yaron shagonsa kuwa ya ci gaba da aikin kwana bakwai. Ayar da ta ce kada a hukunta mai bi a kan rana ba ta ba kowa izinin hana wani hutawa ba.

A wannan wuri ne tsohuwar dokar take taɓa zamanin yau. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya sun kiyasta cewa mutum 745,000 sun mutu a 2016 da shanyewar ɓarin jiki da ciwon zuciya masu nasaba da aikin awa 55 ko fiye a mako. Tun 1921 Ƙungiyar Ƙwadagon ta tsayar da yarjejeniyar hutun awa 24 a jere cikin kowane kwana bakwai ga ma'aikatan masana'antu, kuma dokar ƙwadago ta Nijeriya ta tanadi irin wannan hutu. Sai dai doka tana isa ne ga mai takardar ɗaukar aiki, alhali mafi yawan masu neman abinci ba su da ita. Wayar hannu kuma ta rushe katangar da take tsakanin ofis da gida, har Faransa ta fara aiki da wata doka a 2017 a kan 'yancin ma'aikaci na ƙin amsa saƙon aiki bayan tashi.

Tarihi ya kuma nuna cewa ba yawan hutun kaɗai ne abin dubawa ba, har da yin sa tare. Masu juyin juya halin Faransa sun maye mako da zagayen kwana goma a 1793, aka soke kalandar a farkon 1806. Tarayyar Sobiyat ta gwada wani tsari a 1929, inda aka raba ma'aikata rukuni biyar, kowane da ranar hutunsa, don injuna kada su tsaya. Sakamakon shi ne miji yana gida mata tana masana'anta, abokai ba sa haɗuwa, masu ibada ba sa cika sahu. A 1940 aka koma mako mai kwana bakwai. Wannan ita ce hujja mafi ƙarfi ga tsayayyar rana ɗaya, ko ga wanda bai yarda cewa wata rana ta fi wata tsarki ba. A kan irin wannan tunani kundin tsarin mulkin Jamus yake ba Lahadi kariya, Folan kuma ta fara taƙaita cinikin Lahadi a 2018.

Ikilisiya kanta ba ta kuɓuta daga zargi ba. A majami'u da yawa Lahadi ta fi kowace rana cika: makarantar Lahadi, sujadar Hausa, sujadar Turanci, taron dattawa, zumuntar mata, koyon waƙa, gidauniyar gini, ziyarar marasa lafiya. Duk ayyukan kirki ne, amma wanda ya fita da safe ya dawo da la'asar a gajiye bai huta ba. Uwargida takan tashi tun asuba ta yi wa yara wanka ta ɗora tukunya, bayan sujada kuma ta koma murhu saboda baƙi. A wasu gidajen 'yar aiki ce ake bari da wanke-wanke da girki don iyali su sami zuwa coci, wato an kiyaye ranar ta hanyar karya ainihin abin da Maimaitawar Shari'a ta nema. Mai shago da ya rufe ƙofar gaba ya bar yara suna sauke kaya ta baya, haka direban da aka ajiye a mota har a tashi, duk hukuncinsu ɗaya. Fasto kuwa, wanda Lahadi ce ranar aikinsa mafi nauyi, sau da yawa ba ya samun wata rana a madadinta, ko da an ce Litinin tasa ce.

Matsalar da ta fi wuya ita ce ta mai hannu baka hannu ƙwarya: ɗan acaɓa, ɗan garuwa, lebura, mai talla. Ga irinsu rana ba aiki rana ce ba tuwo. Wa'azin da ya tsaya ga cewa su dogara ga Allah su zauna a gida ya ɗora wa mafi rauni kayan da mai albashi ba ya ɗauka, tun da shi ana biyansa Lahadin da bai yi aiki ba. A Attaura hutun ya zo ne cikin tsari guda da barin kala a gona don matalauci, da biyan ɗan ƙodago kafin rana ta faɗi, da yafe bashi a shekara ta bakwai. A ikilisiyar farko ma ranar taro ita ce ranar tara taimako. Wannan yana nuna cewa hutun talaka nauyi ne a kan jama'ar da yake cikinta, kuma baikon Lahadi yana da alaƙa da shi fiye da yadda aka saba ɗauka.

Ayyukan larura ba su taɓa zama abin gardama sosai ba. Ma'aikaciyar jinya, da mai gadi, da soja, da makiyayi suna aiki a ranar, kusan duk ikilisiyoyi kuma sun yarda, tare da shawarar a rama hutun a wata rana. Zama cikin jama'a masu addini daban ne ya fi kawo tambayoyi. A Musulunci Jumma'a ba ranar barin aiki ba ce gaba ɗaya: ana barin ciniki idan an kira salla, a koma bayan an idar. Don haka a garuruwa da yawa kasuwa tana ci ranar Lahadi kamar kullum, wasu kasuwannin ƙauye ma ranar ce tasu ta mako, kuma Kiristan da ya rufe rumfa ya san cinikin da ya bari. 'Yan Adventist nasu ya fi haka nauyi, domin ranar Asabar Nijeriya take gudanar da manyan zaɓuɓɓukanta, kamar na shugaban ƙasa na 25 ga Fabrairu, 2023, kuma a ranar ake sa wasu jarrabawa da laccoci a manyan makarantu. Sun sha neman a mai da zaɓe wata rana cikin mako, amma sauya ta zuwa Jumma'a ko Lahadi zai taɓa wasu masu ibadar, sauya ta zuwa ranar aiki kuma yana nufin rufe ofisoshi da makarantu, don haka har yanzu Asabar ake yi.